Fentin da Yaya Ya Shafa wa Jiragen Baba

Shekarar da aurena na fari ya mutu na dawo gidan Baba a Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa, aka ba ni ɗakin da ke kusa da zaure, ina suyar ƙosai da safe. A lokacin idon Baba ya fara rauni, ya daina fita sai masallaci.

Da ƙuruciyarsa Baba ya yi aikin fenti a Ikko, a wurin da ake gyaran wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa mai yawo a kan titunan cikin gari. Tiram yake ce masa. An daɗe da cire jirgin tun ban yi wayo ba, amma Baba bai rabu da shi ba. Da gwangwanin kananzir da dalma ya ƙera guda uku, kowanne tsawon kamu biyu, da kan jirgi da taragu bibbiyu, har da 'yan kujeru a ciki. Siffarsu ɗaya, fentin ne ya bambanta su. Na farko kore ne shar mai duhu da siririn jan layi, yadda jirgin yake ranar da ya kama aiki. Na biyu ruwan ƙasa, samansa ruwan madara. Na uku baƙi ƙirin, na lokacin da aka daina ɗaukar mutane aka bar layin da kwasar ƙazantar gari. Ya ce koren nan sai da ya yi wata uku yana haɗawa kafin ya dace da wanda ke cikin kansa. A kan wani katako a zaure suke, ni nake kakkaɓe musu ƙura kowace Juma'a.

Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin goro ne, mutum mai fara'a da gaggawa. A shekarar nan shi da abokinsa suka sayi tsohuwar mota ta kai huhunan goro arewa, suka sa wani Bayarabe ya yi mata fenti shuɗi da ruwan ɗorawa. Fenti ya yi saura.

Ranar wata Laraba aka kai Baba asibiti a duba masa ido. Ina wanke kasko na ji warin fenti. Na leƙo tsakar gida, sai ga jiragen nan uku a jere a rana a kan buhu, duk sun zama shuɗi da ruwan ɗorawa, suna ƙyalli. Mai fentin yana tsugune yana wanke burushi, Yaya na tsaye a kansa yana murmushi.

Na ce, "Yaya, me ka yi?"

Ya ce, "Ke dai kalli! Sun koma sabbi. Yau tsoho zai yi murna."

"Wa ya ce ka taɓa? Ka tambaye shi?"

"In na tambaya ai ba daɗi. Duk sun koɗe, wannan baƙin ma kamar gindin tukunya. Baƙi na shigowa zauren nan, ke ba kya jin kunya?"

Na ce, "Baƙin nan da gangan Baba ya yi shi baƙi!"

Ya yi dariya ya ce wa mai fentin da Yarbanci ƙanwarsa akwai faɗa. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne matan gidan. Suka fito suna tafa hannu, wai masha Allah, wai ɗa na gari ke nan. Babu wadda ta taɓa tsayawa ta ji me ya sa ɗaya kore ne ɗaya baƙi, alhali Baba ya faɗa a gabansu ya fi a ƙirga.

Bayan la'asar Baba ya dawo, ido ɗaya a naɗe da bandeji. Tun daga bakin zaure ya tsaya, domin hancin mai fenti ba ya tsufa. Yaya ya kamo hannunsa ya kai shi gaban katakon, inda aka mai da jiragen. Baba ya sunkuya sosai, ya daɗe yana dubawa. Ya taɓa rufin ɗaya, fentin ya manne masa a yatsa.

Ya ce, "Wanne ne na farkon?"

Yaya ya ce, "Ai duk ɗaya ne, Baba."

Baba ya ce, "Haka ne. To, Allah ya yi albarka." Ya shige ɗakinsa.

Wallahi da zagi ya yi da na fi samun sauƙi. Yaya ya juyo ya ce min, "Kin ji ko? Albarka ya sa min."

Washegari na bar suyar ƙosai, na ɗauki ɗaya da tsumma da kananzir na zauna a bayan ɗaki. Tunanina in cire na sama in bar na ƙasa. Shuɗin ya riga ya kama, na dinga gurzawa, da ya tashi sai ya taho da abin da ke ƙarƙashinsa. Na ga kore yana narkewa a tsumma, jan layin ya bi shi, gwangwani ya fito fari tas. Ashe na farkon na ɗauko, kuma da hannuna na ƙarasa shi. Na zauna na yi kuka har Baba ya jiyo ya laluba ya fito.

Ya ce, "Uwata, bar shi haka." Sunan mahaifiyarsa gare ni, haka yake kirana.

Na ce, "Baba, ka gaya min yadda ake haɗa koren, ni zan zama idonka."

Na aika aka sayo min fenti kala huɗu a kasuwa. Kwana tara muna zama a ƙofar ɗakinsa da hantsi. Ya ce in ƙara baƙi kaɗan, in ƙara, in shafa a marfin gwangwani in kai masa dab da ido. Ya karkata kai wajen haske, ya ce in ƙara ruwan ɗorawa. Ran na tara ya ce ya yi. Na san bai yi ba. Ni da na daɗe ina goge koren nan na san wannan na ganyen ayaba ne kawai. Tausayina ya ji, kuma idon ba ya rarrabewa.

Yaya bai taɓa ba da haƙuri ba. Da na daina gaishe shi, ƙarata ya kai wa Baba, Baba ya sa na kai masa tuwo da hannuna na durƙusa na gaishe shi. Na yi, don Baba. Har Yaya ya yi furfura, in zancen ya taso, cewa yake, "Ni fa gyara na yi." Ya rasu muna shiri, na yi masa kuka, amma wannan maganar ban yarda da ita ba har yau.

A shekarar da aka yi fentin nan, da damina ta sauka, Baba ya kira 'ya'yan maƙwabta ya ba su shuɗayen nan biyu. Na ce, "Baba, aikin hannunka ne fa." Ya ce ai yanzu kayan wasa ne. Suka ɗaura musu igiya suna ja a cikin kwata suna kukan jirgi da baki. Kafin sati ƙafafun sun zube, wata mata ta tsinci tarago ɗaya tana zuba wa kajinta ruwa a ciki.