Shekarar da Na'ura ta Tambaye Mu Rumbu

Ɗiyata ta fari ta daɗe tana aiki da wani poroje, ƙungiyar agaji, a Mayahi. Takan hau kabu-kabu ta bi ƙauyuka gida-gida, ta gano inda yunwa ta shiga, ta kai labari biro, wato ofishinsu. Tun rasuwar mijinta, da aikin nan take riƙe marayunta huɗu, da ni.

Wata bazara aka ce ta zauna gida, ita da abokan aikinta biyu. Wai an samo na'ura mai basira, mai kiran wayoyin mutane da kanta, ta yi tambaya da Hausa, ta rubuta amsa. Ba ta shan esansin babur, ba ta jiran albashi. Ɗiyata ta rataye jakarta a ƙusa, ta kama tuyar ƙosai.

Ran nan na je wurin ƙanena a garin Cake, sai abar ta kira wayarsa, ya miƙo mini. Murya ce ta mace mai ladabi.

"Iya, yaya rumbunku bana?"

Na ce, "Alhamdu lillahi."

"Jiya kun ci abinci?"

"Mun ci, mun ƙoshi."

Alhali anza ce, 'ya'yan itacen daji da ake ci lokacin yunwa, jiƙe a tukunya, kwana uku ana zubar da ɗacinta. To, wa ke buɗe wa baƙo cikinsa? Haka kowa ya amsa. Masu wayar ma masu ɗan hali ne. Wadda ba ta da tsaba ba ta da lamba. A takarda, ƙasarmu ta ƙoshi.

Da damina ta faɗi, mata suka cika gidan likita da yara, hannuwa kamar kara. Sai ga shugaban biron da kansa a ƙofarmu, ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

"Iya, don me mutane suka ce wa na'ura sun ƙoshi?"

Na ce, "Ɗana, ita ta leƙa turminmu?"

Ɗiyata ba ta taɓa tambayar kowa rumbu ba. Ruwa take roƙo ta zauna. Ta dubi turmi ko ya yi ƙura, ta dubi turke ko akuya na nan, ta ga ko kaji na samun dussa.

Aka maido ta bakin aiki. Abokan aikinta biyu har yau suna gida, ina sa su a addu'a. Yanzu na'urar a jakarta take, tana juya mata magana zuwa Faransanci.

Safiyar da za ta koma aiki, da mai kabu-kabu ya tsaya a ƙofa, ni na sauko da jakar daga ƙusa. Na kakkaɓe ta da bakin zanena, na miƙa mata, sannan na zauna na sha kununa da zafinsa.