Gurbin da Majvor Ta Bari a Kaset

Ranar da Majvor Ringdahl ta ce in zo in taya ta fitar da kaya, na san abin da likita ya gaya mata. Mu nan haka muke yi. Idan mutum ya ga tafiya ta matso, sai ya share gidansa da kansa, ya rabar da na rabarwa, ya zubar da na zubarwa, don kada ya bar wa kowa wahala. Na tarar da ita zaune a ƙasa tsakanin kwalaye, ta rame har zobe yana yawo a yatsanta.

"Ingalill, kin makara. Cire takalmin nan ki zo ki ɗaga min wannan."

Tun muna 'yan shekara bakwai muke tare da ita, a garinmu na bakin tafkin Vänern. Ni ban yi nisa a karatu ba, na shiga kicin ɗin makarantar gari ina fere dankali. Ita kuwa murya aka ba ta. Tana da shekara ashirin da uku ta kai rediyon babanta gyara wurin Torgny Wessman, wani dogo mai kunya da ke kaɗa jita idan ba aiki. Tana jira tana rera wani abu a hankali, shi kuma ya bi ta da ƙaramar murya ba tare da ya ɗago kai daga rediyon ba. Daga nan aka samu Majvor da Torgny. Mutane sun sha cewa soyayya suke yi. Ba haka ba ne. Shi yana da matarsa Berit, ita kuma ba ta taɓa son aure ba.

Faifansu na farko, Hanyar Tafki, a rumbun ciyawar kawun Torgny suka ɗauke shi. Makirufo ɗaya suke da shi, don haka suka tsaya suna fuskantar juna, shi a wannan gefe ita a wancan. Abin ya zame musu jiki. Majvor ba ta ƙirga kiɗa. Kafaɗarsa take kallo: da ta ga ta ɗaga ya ja numfashi, ta san lokacin shiga ya yi. Na biyu, Ruwan Yuli, haka suka yi shi. Na uku shi ne wanda kowa ya sani, Bar Fitila a Taga. Rani guda ba ka shiga kanti ko ka hau bas ba ka ji shi ba. Suka yi ta yawon filayen rawa a wata tsohuwar mota mai warin kofi da jiƙaƙƙun safa. Idan makaranta ta yi hutu nakan bi su, ina goge musu kayan sawa.

Na huɗu a Stockholm aka yi shi. Mutanen kamfani suka ce makirufo ɗaya aikin ƙauye ne. Aka ɗauki muryar Majvor ranar Talata, ta Torgny ranar Alhamis, aka haɗa. Ta dawo ta zauna a kicin ɗina ko riga ba ta cire ba.

"Bango suka sa ni na yi wa waƙa, Ingalill. Bango ba ya numfashi."

Faifan bai karɓu ba. Filayen rawa ma suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Suka koma waƙa a bikin cika shekara da gidajen tsofaffi, kullum waƙar fitila, har Majvor ta ce idan ta sake jin kalmar taga za ta yi amai. Daga baya ta nemi aiki a kicin ɗinmu. Yara ɗari huɗu muke ciyarwa, ba wanda ya san mai zuba masa miyar wake ta taɓa cika fili.

Duk da haka sun fara na biyar. Sun tsara waƙoƙi tara, ba kamfani, ba kowa. Sai Berit ta kwanta ciwo. Torgny ya ce, "Zan kira ki idan na samu sarari." Majvor ta ce, "Ba gaggawa." Ina wurin, na ji da kunnena. Iyakar abin ke nan. Ba faɗa, ba baƙar magana. Berit ta rasu bayan shekara biyu, Majvor ta aika da furanni da kati, amma ba ta kira ba, wai kada ta takura wa mai makoki. Shi ma bai kira ba. Tafiyar rabin awa ce tsakanin gidajensu. Shekara goma sha tara.

A kwalin da ta ce in ɗaga akwai kaset guda, an rubuta biyar a jikinsa.

"Wannan na bola ne," in ji ta. "Ki kwance shi tukuna. Roba daban, ƙusoshi daban, kada mutumin wurin shara ya yi mana tsiya."

"Mene ne a ciki?"

"Rabin abu."

Na sa shi a rediyonta ba tare da na nemi izini ba. Muryarta ce ita kaɗai da jita. Sai ta rera layi biyu, ta yi shiru daidai tsawon layi biyu, jita tana tafiya, sannan ta dawo. Duk waƙoƙi taran haka. Ta bar masa gurbinsa a ko'ina. A cikin shirun ana jin ta tana jan numfashi, tana jira.

"Ya san da shi?"

"Ya ce zai kira."

"Majvor, don Allah. Shekara goma sha tara!"

"To ni zan je in tsaya masa a ƙofa kamar mai tallar injin shara? Mutum yana da rayuwarsa. Kwance min shi, tsohuwa, ki bar surutu."

Na ce zan kwance a gida, abin kwance ƙusa nawa ya fi nata. Ƙarya na yi mata, ita ce ta farko a iya sanina. Ni ma fa ba ta fi ni laifi ba. Duk shekarun nan ina ganinta tana waiwaya idan wayar kicin ta yi ƙara, na yi shiru, wai ba ruwana da sha'anin mutane.

Washegari da safe na tuƙa mota zuwa gidan Torgny. Ban kira ba, ban sanar ba. A rayuwata ban taɓa zuwa gidan mutum haka ba, har na zauna a mota minti goma ina jin kunya. Na same shi yana kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida. Ya tsufa, ya ranƙwafa, da na'urar ji a kunne.

"Ingalill? Lafiya? Ai da kin kira na gasa wani abu."

"Ba ci na zo yi ba. Majvor ba za ta ga bazara ba. Ga wannan."

Ya juya kaset ɗin a hannu, ya ga lambar.

"Na ɗauka ta huta da ni," ya ce. "Da Berit ta tafi na ɗaga wayar ya fi a ƙirga. Sai in ce an yi nisa, yanzu in na kira zan tayar mata da hankali. Kuma ba ta neme ni ba."

"Kai ka ce za ka kira."

"Ita ta ce ba gaggawa."

"To yanzu akwai. Ɗauko rigarka."

Da muka isa ya tsaya a bakin ƙofa yana cire takalmi a hankali, ya jera su. Majvor tana kan kujera da bargo. Ta dube shi daga sama har ƙasa, sannan ta dube ni, na sunkuyar da kai.

"Ka samu sararin ke nan?"

"Na samu."

"Ina gashin kanka?"

"Yana inda kumatunki suka tafi."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Na dafa kofi, na fito da burodin kirfa. Suka sha suna maganar sanyi da kifin tafki, kamar jiya suka rabu. Sai da aka sha kofi na biyu ya miƙe, ya sa kaset ɗin da kansa, ya jawo kujera ya zauna gab da ita, suna fuskantar juna.

Muryarsa ta dushe, sama-saman nan ba ya kai su. Waƙa ta huɗu ya manta baiti, ta raɗa masa tana hararsa. Amma ya shiga kowane gurbi. Ita ba ta da ƙarfin rerawa, ta bar wa ta cikin kaset, idonta dai yana kan kafaɗarsa. Duk sanda kafaɗar ta ɗaga sai in ga leɓenta ya motsa.

Na ciro wayata zan ɗauka. Ta girgiza min kai ba tare da ta kalle ni ba. Na mayar aljihu. Don haka faifai na biyar sau ɗaya aka ji shi cikakke, mu uku, tsakanin kwalaye, da rana tsaka ranar wata Laraba.

Da aka gama ta ce, "Ka makara a ta bakwai."

"Kullum haka kike cewa."

Bayan nan kullum sai ya zo, ba ya kira. Kwana goma sha ɗaya. Ranar jana'iza, wurin shan kofi, na miƙa masa kaset ɗin. Ya tura min shi baya, ya ce shi ya riga ya zuba nasa a ciki.

Yana nan a kicin ɗina, ban kwance shi ba. Na gaji ƙwarai a kwanakin nan, ba na yawan fita. Idan ina fere dankali nakan sa shi. Ta rera layi biyu, ta ja numfashi, ta jira. Ni ba ni da murya, don haka nakan ajiye wuƙar in jira tare da ita.