Osman Mai Agashe da 'Yar Malam

Duk wanda ya zauna a unguwar Harra ta Gabas a Madina ya san Osman mai agashe, in bai san fuskarsa ba to ya san hayaƙinsa. Agashe dai gasasshen nama ne irin na Hausawan Sudan. A can garin Mai Wurno ya koyi yinsa wurin kawunsa, ya zo da sana'ar Madina yana saurayi, ga shi yau furfura ta cinye gemu. Mutum ne mai baki, idan ya ɗauko labari sai nama ya huce a hannun mai saye. Bai taɓa kishin mai mota ba, bai taɓa kishin mai bene ba. Da Allah ya tashi jarraba shi, sai ya haɗa shi da mutumin da ya rasu tun kafin a haifi kakansa.

'Yarsa ɗaya ce tilo, Sumaya, haifaffiyar Madina. Babu Hausar da ba ta ji, har habaici tana ganewa, amma ba ta taɓa mayar masa da ita ba. Ya ce ta kawo ruwa, ta ce "Tayyib, ya Baba." Ya tambaye ta makaranta, ta zuba masa Larabci. Ya gwada tatsuniya, ya gwada lallashi, ya gwada fushi. Har ya taɓa yin kamar ba ya jin Larabci, ta yi ta dariya, don da shi yake ciniki kullum a gabanta. Matarsa Fatna ta ce ya bar yarinya ta huta, duk 'ya'yan unguwa haka suke. Ya haƙura, irin haƙurin da ake yi da ciwon haƙori. Abu ɗaya yake roƙo, kafin ya mutu ya ji 'yarsa ta yi masa magana da harshen da uwarsa ta yi masa.

To, akwai wani Bakano, Dakta Nasrullahi, mai haɗa magunguna, wanda ya tara abokansa suka kafa Majalisar Malam Saminu. Shi wannan Malam Saminu, in ji su, a ƙarni na sha tara ya yi zamani, ya rubuta dogon labari da ajami a kan wani madugu da ya nufo Gabas a ƙafa da 'yarsa. Kowace shekara sukan kama wurin hutawa a cikin wata gonar dabino a unguwar Al-Awali, a yi jawabai, a karanta babi guda, a ci nama. Osman ne mai gashin, don haka shi da marigayin babu ƙiyayya. Sai dai majalisar tana da wata al'ada: wanda duk ya yi karatun, shekara guda cur ana kiransa ɗan Malam.

A bana matar Dakta, Nana Khadija, ta zaɓi Sumaya ta yi karatun, ita kuwa ta amsa. Wata rana Osman ya dawo gida bayan azahar ɗaukar yaji, sai ya jiyo murya daga ɗaki tana karatu da Hausa, a hankali, tana tuntuɓe tana tashi. Ya tsaya da takalmi a hannu. Muryar 'yarsa ce, amma bai taɓa jin ta haka ba. Daɗi ya kama shi har ya tura ƙofa, sai ta rufe littafin ta ce, "Ahlan, ya Baba." Nan daɗin ya koma ciki, kishi ya fito.

Daga ranar Malam Saminu ya shiga uku a bakin Osman. Yana juya nama yana tambayar masu saye, wa ya ga mutumin nan ya yi tafiyar? Ai wanda ya sami lokacin rubutu bai ɗauki kaya ba. Shi Osman, kakansa daga Haɗeja ya tako har bakin Nilu, bai rubuta ko baƙi ɗaya ba, faso ne shaidarsa. Mutane kuwa, da suka gane inda ƙaiƙayin yake, sai suka riƙa sosawa. Wannan ya ce a gaishe da 'yar Malam, wancan ya ce ai gado ba karambani ba. Wanda ya cika tsokana sai ya tarar yajin namansa ya fi na kowa zafi.

Dakta Nasrullahi ya zo maganar ragunan taro, ya taya shi murna da zuciya ɗaya, ya ce Malam ya buɗe bakin yarinya.

Osman ya ce, "Dakta, ni na saka mata dabino a baki ranar da aka haife ta. Ina Malam yake a lokacin?"

Dakta ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya ya tafi. Ba wasa ba ne. Da mai rai ne da Osman ya same shi sun yi ta ta ƙare, to yaya za ka yi da wanda ba ya ji, ba ya ramawa, kuma kowa sai ya ce Allah ya jiƙansa? Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙafarsa ta ƙi bin umarninsa. Kullum sai ya ƙirƙiro dalilin dawowa gida, ya laɓe a bayan ƙofa yana saurare. Ba da son ransa ba ya haddace babin kaf.

Ranar taro bayan la'asar maza suka zauna a kan darduma ƙarƙashin dabinai, mata suna bayan katanga, an ja musu lasifika. Osman yana can gefe da murhunsa. Aka yi jawabi a kan rayuwar Malam, aka yi a kan hikimarsa, wani malamin jami'a ya yi har sai da yara suka watse. Osman yana fifita wuta yana tsaki. Sannan muryar Sumaya ta fito.

Ta karanta inda madugu ya ƙare da ciwo a bakin wata rijiya, ya tabbata ba zai kai ba, ayari kuma zai wuce da 'yarsa. Ya tambaye ta, in ta isa ƙasar da ba a san shi ba aka ce 'yar wane ce, me za ta ce? Sumaya ta karanta amsar yarinyar ba gargada, wani tsoho Bachade yana share ido da rawaninsa. Osman ya manta da mafici. Sai da ƙauri ya kai wa na gaba hanci ya farga, nama ya zama gawayi, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun yana yaro. Dakta ya miƙe ya sanar cewa an sami 'yar Malam ta bana, aka yi kabbara. Mutane suka yi layi a gaban Osman, amma nama suka zo nema.

Bayan magariba suka kamo hanyar gida a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya, murhu yana ƙara a baya. Fatna da Sumaya suna ta hira da Larabci a kan wa ta yi kuka, wa ta sa wace irin abaya. Ya daure, ya daure, ya kasa.

Ya ce, "Ni na yi raino, wani ya ci suna. Kishinsa nake yi, Fatna. Wallahi kishin matacce nake yi."

Fatna ta ce ya ji tsoron Allah. Sumaya ta sunkuyar da kai. Suka bi gefen katangun gonaki har suka tsaya a danja. Osman ya dubi jar wutar, ya ga babu wata ƙofa da ta rage masa sai ta abokin hamayyarsa. Ya haɗiye girman kai, ya yi gyaran murya, ya ɗauko maganar madugu yadda ya haddace ta a bayan ƙofa.

"Idan kika isa ƙasar da ba a san ni ba, aka ce ke 'yar wane ce, me za ki ce?"

Sumaya ta ɗago kai. Sannan daga kujerar baya, a hankali, da Hausa, ta ce, "Zan ce ni 'yar wanda ya ɗauko ni a wuya ce, har ƙafarsa ta tsage bai sauke ni ba."

Ya san aro ne. Kowace kalma ta Malam ce, ko wannan ma sai da mutumin ya riga shi. Ya riƙe sitiyari, idonsa ya cika, haushi da daɗi suna kokawa a ƙirjinsa. Na baya suka fara danna masa oda. Ya sa giya ke nan sai ta ƙara magana, tana lalubo kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Baba... yau ka ƙona nama. Na ji ƙauri... har wurin mata."

Osman ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya bi babin nan a ransa daga farko har ƙarshe, babu wannan a ciki.

Ya ce, "Sake faɗa. Ban ji ba."