Mai Wayar Ƙasa a Tafkin Otal

A bayan wani otal a Yendi, na ga wani dattijo mai gyaran wuta yana durƙushe gaban injin da ke juya ruwan tafkin iyo. Siriri ne, tabaransa ɗaure da zare. Ya kashe wuta, makullin akwatin wutar yana aljihunsa. Yana jan koriyar waya daga jikin injin zuwa sandar jan ƙarfe da ya kafa a rami, don in wuta ta ɓalle ta bi ƙasa, kada ta shiga ruwa. Ƙasar ta bushe, shi ya sa yake zuba gawayi da gishiri a ramin yana jiƙawa, don ƙasar ta iya janye wutar.

Yara sun cika ƙofa da tawul. Mai otal ɗin ta leƙo.

"Baaba Sualihu, gishiri kuma? Miya kake dafawa? Yara na jira!"

"Su jira, Hajiya. Iyayensu ma na jiransu a gida."

Ina zaton yana da jikoki.

Ya gwada da mita, ya kunna injin, ya sake gwadawa, sannan ya naɗe wando.

"Ka iya iyo?" in ji ta.

"Ko kaɗan. Amma ni na haɗa wayar, ni zan fara shiga."