Ranar da Na Ɗaga Kai a Tafkin Lagdo

Na san wani abu ya ɓaci ne lokacin da matan cikin jirgin ruwan kowacce ta ɗauki bahon kifinta ta kifa a kai. Bari in ɗauko muku daga farko.

Garwa zuwa Lagdo

Bayan sallar asuba muka bar gida, ni da Goggo Hadiza, ƙanwar babana, mai sarin busasshen kifi. Hutun makaranta ne, ta ce in taya ta ɗaukar kaya. A Ngong muka sha kunun gyaɗa da ƙosai, ƙarfe tara muna bakin tafki. Da muka shiga jirgi Goggo ta miƙo mini baho, na ce ai ba mu sayi kifin ba tukuna, na tura shi ƙarƙashin benci.

A kan ruwa

Hanyar sansanin masunta ta ratsa ta tsakanin wasu matattun itatuwa da ruwa ya ci, fari fat kamar an shafe su da farar ƙasa. A kansu baƙaƙen tsuntsaye ne masu dogon wuya, irin masu nutso su kamo kifi, sun cika kowane reshe.

Nan aka kifa bahuna. Mai jirgi ma ya ja buhu ya rufa. Raina ya ba ni ’yan bindiga ne, ko dorina. Daga cikin bahonta Goggo ta ce, “Rakiya, kar ki ɗaga...”

Na ɗaga.

Ashe tsuntsayen nan ba sa tashi da nauyi. Da ƙarar inji ta firgita su, sai kowanne ya sauke abin da ke cikinsa yana buɗe fiffike. Haka ya zubo mana kamar yayyafi, da ɗumi, da ƙarnin kifi. Ɗaya ya faɗa daidai idona na hagu. Barkono bai kai shi ba.

Aka wanke mini da ruwan gora ina runtse. Wata tsohuwa ta leƙo daga bahonta ta ce, “Haka idon mijin yayata ya tafi.” Goggo ta ɗaure mini idon da ɗankwali, ta sa mai jirgi ya juya.

Lagdo zuwa Garwa

A mota kowa likita ne. Wani ya ce kwalli, wata ta ce nonon mai jego, har ta yi tayin nata. Ni dai kuka nake yi da ido ɗaya, ina tunanin yadda zan zauna jarrabawa baɗi.

A shinge jandarma ya zura kai ta taga yana cewa a fito da kart, wato katin shaida. Ya shaƙa sau ɗaya, ya ja da baya, ya ɗaga igiya da kansa. Direba ya ce, “’Yammata, kullum ki riƙa biyo ni, kyauta.”

Asibiti

Likitar ido ta kwance ɗankwalin, ta wanke idon da ruwan magani, ta rufe mini na dama, ta nuna allon haruffa.

“Me kike gani?”

“Madam, duhu. Ba na ganin komai.”

“To ai a rufe yake. Buɗe.”

Sai a lokacin na gane tun Lagdo ban buɗe shi ba, don tsoron in buɗe in tarar babu. Na ce ba zan iya ba. Goggo ta riƙe hannuna ta ce, “Buɗe, ’yar nan, in ya tafi ma na daman yana nan.” Wai lallashi ke nan.

Na buɗe. Hawaye, haske, sai ga haruffa. Na karanta har layin ƙasa, na haɗa da ƙananan rubutun gefen allon da ba a tambaye ni ba.

Likita ta haska da ’yar fitila, ta rubuta maganin ɗigawa, ta ce, “Ja ne kawai, zai washe. Idonki lafiya lau. Amma don Allah ku je ki yi wanka.”

Alhamdu lillahi. Ƙarfe huɗu saura kwata ne. A agogon bango na gani, kuma sai da na rufe na dama na duba da na hagu.