Hular Kawu Ɗanladi a Bakin Teku

Duk wanda ya taɓa shiga bas ɗaya da Kawu Ɗanladi ya san leɓensa ba ya daina motsi. Baƙo sai ya ɗauka tasbihi yake yi. Mu da muka san shi a unguwar Longsight ta Manchester mun san mutane yake ƙirgawa: baƙar fata nawa, masu hijabi nawa, 'yan Pakistan nawa, Turawa nawa. In ya sauka ya zaro ɗan littafinsa ya rubuta. Ka kuskura ka yi masa magana a tsakiya, sai ya ɗaga maka hannu ya ce, “Kash, ka ɓata mini!” ya koma farko. Ni Hadiza, 'yar ƙanwarsa, na sha kunya a Stockport Road har na gaji. Wata rana na ce, “Kawu, wai me za ka yi da wannan ƙidayar?” Ya ce, “In wani abu ya tashi, in san wa zan tsaya kusa da shi.” Dariya na yi masa a lokacin.

Ƙidayar hukuma kuwa bai yarda da ita ba ko kaɗan. Kun tuna rigimarsa da fom ɗin rajista a wurin likita? Wurin da ake tambayar asalin mutum, an ba mu ɗan akwati ɗaya duk 'yan Afirka. Kawu ya ce, “Afirka gaba ɗayanta a akwatin ashana? Ba da ni ba.” Ya sauka layin da aka bari don sauran jama'a, ya fara rubutu: Bahaushe, Bakano, amma kakarsa ta wajen uwa Bafulatana ce daga Bichi. Layi ya ƙare, ya juya bayan takarda. Matar da ke kan tebur ta roƙe shi ya yi alama kawai ya wuce, mutane na jira. Ya dube ta ta saman tabarau ya ce, “Baiwar Allah, ai ban ma zo kan dangin uba ba.” Sai da ta ba shi takarda ta biyu!

Sai maganar huluna, ga Anti Rabi matarsa nan, ita ce shaida. Tunda ya yi ritaya daga aikin injiniya ya naɗa kansa mai duba garuruwa. Duk yaronmu da ya gama karatu aka ba shi aiki a wani ƙaramin gari, Kawu sai ya riga shi zuwa. A jirgin ƙasa? Allah ya kiyaye. Da katin bas ɗinsa na tsofaffi yake tafiya, kyauta, ya sauka a wannan ya hau waccan, ga flas ɗin shayi, ga dafaffen ƙwai a aljihun kwat. Tafiyar awa biyu sai ta cinye masa wuni. In ya isa ya sami benci ya ƙirga mutane, sannan ya yi gwajinsa na biyu. Ya tsaya inda iska ta fi ƙarfi, ya ɗan sassauta hularsa, iska ta fizge ta, shi kuma ya tsaya yana kallon wanda zai bi ta. In an ɗauko masa, gari ya ci jarrabawa.

Lokacin da yaronmu Musa na unguwar Selly Oak ya sami aiki, Kawu ya dawo daga duba masa gari kai ba hula. Musa ya ce, “Baba, yaya garin?”

“Mutanen kirki! Har mutum uku suka bi ta da gudu.”

“To ina hular?”

“Teku ce ta riga su.”

Anti Rabi ta dafe ƙirji ta ce, “Alhaji, ta huɗu ke nan fa, kuma ta Sallah ce!” Ya ce, “Haba Rabi, wa zai yi gudu saboda tsumma? Ba a gwada mutane da tsohuwar hula.”

Duk wannan abin dariya ne a wurina har sai da ya zo kaina. Na gama horon likitanci a Birmingham, aiki ya fito mini a asibitin wani ɗan gari a bakin teku. Daga ni sai Ummi, shekararta tara, ta fara sa hijabi don kanta. Babanta yana Kano, takardunsa ba su fito ba. Na buɗe kwamfuta na duba ƙidayar garin, sai na ga kusan kowa Bature ne, layin irinmu kuwa sai da na ƙara girman shafin kafin na gan shi. Lokacin ne kuma ake ta turo bidiyoyin zanga-zanga a waya, ana ihu a ƙofar masallatai. Sati biyu aka ba ni in amsa, kuma tambayata ɗaya ce: in ina asibiti wani abu ya sami Ummi a makaranta ko a hanya, wa zai tsaya mata? Ita ma ta tambaye ni da Turancinta na Birmingham ko akwai wanda zai yarda ya zauna kusa da ita a aji. Na ce ƙwarai kuwa, na shiga banɗaki na yi kuka.

Na kira Kawu. Ya ce, “Likita, rufe kwamfutar nan. Takarda ba ta san wa zai amsa miki sallama ba. Zan je.”

Mutumin da ya haura saba'in, ga ciwon zuciya, ni da kaina na hana shi doguwar tafiya. Na ce, “Kawu, heart ɗinka fa!”

Ya ce, “Shi ma ya je ya gani.”

Ranar Asabar na taho Manchester jin sakamako. Na same shi a falo kai ba hula, ya buɗe littafi ya gyara murya. “Baƙar fata, biyu.” Ya ci gaba: “Ɗaya ni. Ɗayan kuma na hango shi daga nesa, dattijo mai kamala, na yi murna na ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗago. Na matsa in yi sallama, ashe ni ne a gilashin shagon kifi.” Anti Rabi ta yi dariya har da hawaye. Ni ko murmushi ban iya ba.

Na ce, “Hular fa? Teku?”

“An ɗauko.”

“To tana ina?”

“Na ba da ajiya. Ki karɓi aikin.”

Na yi tambayar duniya, ya ƙi ƙara ko kalma. Na karɓi aikin, ba don hankalina ya kwanta ba, sai don ban san yadda zan ce wa Kawu a'a ba. Daga baya Anti ta ce mini sau biyu yana fita da safe wai zai je kasuwa, sai bayan la'asar ya dawo yana warin soyayyen kifi. Saura kwana goma mu tashi Allah ya karɓi abinsa, yana zaune a kujerarsa, littafin a cinyarsa.

Ranar farko a sabuwar makaranta, Ummi ta riƙe hannuna har yatsuna suka yi ciwo. Iyaye cike da bakin get, duk idanu a kanmu. Sai ga wata tsohuwar Baturiya cikin ƙatuwar kwat ta miƙo kanmu kai tsaye, ba fara'a, hannunta ɗaya cikin jaka. Na ja Ummi bayana, duk addu'ar da ta zo bakina na karanta. Matar ta zaro leda. Hular Kawu ce a ciki, wankakkiya.

Ta ce, “Ke ce likitar? Wannan kuma Ummi?” Ta faɗi sunan daidai, don wai sai da Kawu ya sa ta maimaita shi sau biyar. Sunanta Margaret. Ita ta bi hular a bakin ruwa da ciwon gwiwarta, shi kuma ya ƙi karɓa, ya ce ta riƙe har 'yarsa ta zo ranar da za a koma makaranta. Ya sake dawowa sau biyu, ya sa ta zagaya da shi wurin mai kifi, da mai kantin magani, da matar da ke tsallakar da yara titi, kowa ya gaya masa sunanmu. Ta ce har labarin kakarsa ta wani gari Bichi ya ba ta, awa guda a kan benci. “Ya ce bai gama ba, saura dangin uba. Yaushe zai dawo?”

Ummi ce ta gaya mata ya rasu. Matar ta ciro hankici, sannan ta kira jikarta ta sa hannun Ummi a cikin na yarinyar, suka shiga aji tare.

Ba zan ce muku garin ya zama Longsight ba. Har yau ana kallonmu, an taɓa jefo mana baƙar magana daga cikin mota, kuma in wayata ta yi ƙara ina kan aiki sai gabana ya faɗi. Amma bayan arba'in Anti Rabi ta ba ni littafin, na buɗe shafin ƙarshe. Babu lamba ko ɗaya a ciki. Sunaye ne guda huɗu da rubutunsa mai rawa, Margaret a sama, ya ja layi ya rubuta: waɗanda Ummi za ta tsaya kusa da su.

Allah ya jiƙan Kawu Ɗanladi, ya haskaka kabarinsa. Yadda ya riƙa riga mu zuwa baƙon wuri don kada mu isa ba mu san kowa ba, Allah ya sa shi ma ya tarar da masu jiransa da sunansa. Amin.