Garantin Mai Ƙwai

Ƙanin mijina ne, autan gidansu. Lokacin da na shigo gidan yana yawo ba wando, yanzu kuwa gemunsa ya fi kaina furfura, amma har gobe Auta nake ce masa, shi kuma ya ce mini Matar Yaya, ko da yake yayan nasa ya daɗe da kwanta dama. Unguwa kuwa da Mai Ƙwai ta san shi. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi: ya je gonar kaji da sassafe, ya ɗaure kiret-kiret a bayan babur, ya bi shaguna da masu shayi yana saukewa.

Mutumin da ya yi rayuwarsa da ƙwai a bayansa kun san ba zai yi gaggawa ba. Masu keke suna wuce shi. Na taɓa ganin akuya ta wuce shi, har ta waiwayo ta dube shi. In ya hango rami, tun daga nesa yake fara girmama shi, ya sauke ƙafafu biyu ya lallaɓa kamar mai tsallake jariri. Halin nan ya bi shi har gida. Kujerun ɗakinsa suna nan cikin ledar da aka sayo su, in ka zauna lokacin zafi sai an ɓamɓare ka. Na taɓa tambayar matarsa ko ita ma da ledarta ya ajiye ta, ta ce in ban kiyaye ta ba za ta haɗa ni da shi. Ta san kuwa ba abin da zai iya yi mini.

Uwar Biyu muke ce mata, saboda tagwayen da suka haifa, waɗanda aiki ya kai su nesa. Ita kam Allah bai yi ta da zama ba. Labule da zannuwan gado take sayarwa gida-gida, ƙunshi a ka, kuma kafin ta sayar miki da labule ɗaya ta ji wane ne ba shi da lafiya a layinku, ta je ta duba shi. Shi yana tafiya kamar ba ya so ya iso, ita tana tafiya kamar ana bin ta. Haka suka tsufa tare, ban taɓa jin kansu ba.

Da tsohon babur ɗinsa ya yi mutuwar da ba bakaniken da ya iya tayar da shi, tagwayen suka haɗu suka saya masa sabo dal daga kamfani. A can ne Auta ya gamu da kalmar da ta shiga ransa: garanti. Wata yarinya mai aiki a wurin ta yi masa bayani cewa in wani abu ya lalace kafin wa'adi ya cika, su za su gyara kyauta, da sharaɗin ba a buɗe injin a wani wuri ba, ba a yanke komai ba, ba a yi walda ba. Ta nuna masa ɗigon fenti ruwan ɗorawa da aka yi wa kowane noti, ta ce da shi suke gane an sa hannu.

Ya dawo gida kamar an naɗa masa sarauta. A ƙarshe dai ya sami mutanen da suke tunani irin nasa, kamfani guda da ke saka wa mutum da alheri don bai taɓa komai ba. Daga kansa ya ƙara wani sharaɗi da ba wanda ya gaya masa, wai ledar da ke kan kujerar babur ɗin ma tana cikin garanti. Na ce masa yarinyar ba ta faɗi haka ba, ya ce ai ba ta ce a cire ba. Ko kariyar ƙarfe ta ɗora ƙwai ya ƙi a haɗa masa, da roba yake ɗaure kiret. Samarin da ke haya da babura, masu cire madubi su fasa salansa don unguwa ta ji zuwansu, in sun tsokane shi sai ya girgiza kai da tausayi ya ce sun kashe garantinsu, kamar mai yi musu ta'aziyya.

Ana nan sai injin ya fara wata 'yar ƙara, ƙaf-ƙaf, kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kofi. Ya mayar da shi kamfani. Suka saurara, suka duba fentinsu ɗaya bayan ɗaya, suka ce laifin daga wurinsu ne, akwai wani ƙarfe da za a aiko daga nesa, in ya iso za su canja masa kyauta, ya ci gaba da lallaɓawa. Wallahi ya fi murna da lalacewar nan fiye da lafiyar. Duk wanda ya tsaya da shi sai ya tayar masa da injin ya ji ƙarar.

A cikin jiran nan ne Uwar Biyu ta faɗi. Da safe ne, tana shanya. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, hannu da ƙafa. Ta yi kwanakinta a asibiti aka sallame ta, likita ya ce lallai a riƙa kawo ta gashi, wato a motsa mata gaɓoɓin, a kai a kai, kuma watannin farko su ne na aiki, in aka bari suka wuce jikin zai saba da kwanciya.

To, gidansu a ƙuryar lungu yake, irin lungun da in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya manne da bango. Mota ba ta shiga, keke mai ƙafa uku ma ba ya shiga. Zuwan farko maƙwabta ne suka ɗauke ta a kujerar roba har bakin titi, kowace ƙofa da mai leƙowa, sannu ta nan, sannu ta can. Matar da ta saba ita ke shiga gidajen nan tana yi wa mutane sannu. Ta ja mayafi ta rufe fuska, da aka dawo da ita ta ce an gama, ba za a sake yawo da ita kamar kayan ƙaura ba. Muka gwada bayan babur a tsakar gida. Hannun ba ya riƙo, ƙafar ba ta zama a inda aka ɗora ta, ga ledar nan mai santsi. Ta zame, da ni da shi muka tare ta kafin ta kai ƙasa. Daga ranar ta juya fuska ga bango. In tagwayen sun kira ta ce musu da sauƙi.

Kullum ina can. Ina yi mata tsiya don ta rama, ba ta ramawa, abin da ya tsorata ni ke nan. Wata rana na ce mata ko mai walda za a sa ya yi wa babur ɗin wurin jingina, sai ta yi dariya da rabin bakin da ke motsi.

"Yaya, kar ma ki fara masa. Babur ɗin sabo ne, yana da masu gyara shi. Ni garantina ya daɗe da ƙarewa."

Ashe Auta yana bakin ƙofa da kofin shayinta. Ya shigo ya ajiye, ya gyara mata matashi, ya fita.

Kun san Auta, ba ya yin abu a ɓoye, kamfanin ya fara komawa. Yarinyar ta saurare shi, ta tausaya, amma ta ce in wuta ta taɓa ƙarfen jikin babur ɗin, garanti ya tashi gaba ɗaya, har da na injin, ba ita ta kafa dokar ba. Ta ba shi shawara ya jira a canja masa ƙarfen tukuna. Ya tambaya yaushe zai iso, ta ce yana hanya. Ya yi mata godiya. Daga can gidana ya biyo, ya ce in shirya in raka shi wurin mai walda. Na ce me na sani a walda. Ya ce ba sanina yake so ba, faɗina yake so, don ni ce kusan girmanta. Shekaruna duka ba wanda ya taɓa arona a matsayin ma'auni, amma na ɗauki mayafi.

Mai waldar wani baƙi ne gajere, baƙin tabarau a goshi, rigarsa duk hudar tartsatsi. Ya ɗora ni a kan babur ya yi ta awo, yana cewa Baba matsa gaba, Baba saki jiki kamar ba ki da ƙarfi a hagu. Da ya ji labarin garanti sai ya ce ai wannan ba matsala ba ce. Zai yi majinginar daban, a ɗaura ta da maƙalai da noti, ranar zuwa kamfani a kwance ta a bar ta a gida, ba wanda zai gane. Ya ce kowa haka yake yi. Ni ma na ce madalla, ga mafita.

Auta ya je ya kama wata irinta da aka ɗaura wa wani babur a gefe, ya girgiza ta. Ta ɗan motsa, kaɗan dai. Ya tambaya ko notin yakan saki. Mai walda ya ce a hanyoyin nan ba notin da ba ya saki, sai dai mutum ya riƙa bi yana ɗaurewa. Auta ya sake girgiza ta.

"Abin da sifana za ta iya kwancewa, rami ma zai iya," ya ce. "Wadda zan ɗauka ba ta iya riƙe ni. Ka yi walda."

Mai walda ya dube ni, na ce kar ya dube ni, ni awo na zo. Ya ce to sai an cire ledar nan, in ba haka ba za ta narke a kan kujera. Auta da hannunsa ya yage ta. Da aka kunna wuta ya juya baya, wai hasken yana ɓata ido, amma na ga kafaɗarsa tana tsalle duk lokacin da ƙarfen ya yi tsaki. Fentin notin baya ya ƙone ya koma baƙi.

Abin da ya fito ba kyakkyawa ba ne, gaskiya a faɗe ta. Majingina mai tsayi, hannun kujera a gefen hagu, faffaɗan mataki mai baki don kar ƙafa ta zame, da bel. Sai ka rantse kujerar mai aski ce aka yi wa tayoyi. Samarin haya suka raka mu da shewa har bakin lungu, yana gaba yana turawa, ina baya ina rama masa.

Ya shigar da shi tsakar gida, muka fito da ita ta zauna a bakin ƙofa. Ta daɗe tana kallo. Ta sa aka matso da shi, ta miƙa hannun mai lafiya ta shafa tabon waldar, yana nan ƙudunne kamar tsohon ƙuna.

"Baban Biyu, injin fa?"

"Yana ƙara, yana tafiya."

"Sun ce za su gyara maka kyauta."

"Sun ce."

Ta sake shafawa. Sai ta ɗago ta ce wane mara ido ne ya zaɓi launin wannan fatar. Na ce mijinki. Ta ce in buɗe ƙunshinta in ɗauko wani labule mai ruwan ganye, ba za ta hau abu haka tsirara a gan ta ba. Ranar na san za ta tashi, don tun da ta faɗi ba ta raina komai ba sai ranar.

Suka fara zuwa gashi. Yanzu in sun bi lungu a zaune take sosai, a sama, ita ke fara gaishe da mutane, har ta tambayi mai tari ko ya sha magani. Ƙarfen kamfani ya iso daga baya, suka kira shi. Ya je da kansa ya nuna musu waldar, suka ba shi haƙuri, shi ma ya ba su haƙuri, aka rabu lafiya. Bakaniken unguwa ne ya buɗe injin, ƙarar ta ragu, ba ta tafi ba. Wurin ƙwai ma ya ragu, sai ya yi sawu biyu inda da yake yin ɗaya. Ban taɓa jin ya ambata ba.

Wata la'asar ina zaune ina tsintar shinkafa na ji an tsaya a ƙofar gidana, na ji muryarta tana cewa ya sake ta, ya tsaya a nan. Sai ga ta a zaure, sanda a dama, ƙafar hagu tana biyowa a hankali kamar yaron da ba ya son makaranta. Shi yana bayanta, hannuwa a buɗe, bai taɓa ta ba. Ban tashi ba, don na san in na tashi za ta zage ni. Ta ratso tsakar gidan nan da ƙafarta, ta iso ta zube a kan benci tana haki, gumi har wuya.

Na ce lafiya, baƙuwa. Ta ce ba gaisuwa ta kawo ta ba, babbar tukunyarta ta zo karɓa, wadda na ara tun kafin ta kwanta na yi shiru, ina zaton mutuwa za ta yi in gaje ta.

Tukunyar tana nan a kife a bayan ƙofa, a wanke tas. Na dube ta, na dubi Auta, na ce ban gama da ita ba, ta dawo jibi.

Ta dawo, ta sake dawowa. Har yanzu ban gama da ita ba.